Bashi a wuya, zinare a akwati

Jama'a akwai wata shawara da take yawo yanzu wadda ta tsaya min a rai, wai in bashi ya maka katutu kar ka yi gaggawar biya, ka sayi zinare ko azurfa ka ɓoye, in farashi ya tashi sai ka sayar ka biya har ka samu rara. Ni dai wallahi ban yarda da ita ba, kuma ba wai na raina zinare bane, dukiya ce ta gaske wadda ba ta ruɓa.

Matsalar ita ce zinare baya haihuwa. Giram goma da ka ajiye yau, giram goma zaka tarar bayan shekara biyar, amma bashin da ke da ruwa kullum kwanan duniya ƙaruwa yake, kana barci yana girma. Masu cewa ai zinare kullum sama yake yi, don Allah su waiwaya baya kaɗan. A 1980 oza ɗaya ta zinare, wato wajen giram 31, ta kai wajen dala 850, zuwa 2001 ta dawo ƙasa da dala 300. A 2011 ta kusa 1,900, ƙarshen 2015 tana wajen 1,050, sai 2020 ta sake wuce inda take a da. Shekara tara kenan fa! Wane mai bin bashi ne zai jira ka shekara tara? Azurfa ma ta fi saurin juyawa, daga kusan dala 50 a 2011 ta faɗo ƙasa da 15. Eh na sani a 'yan shekarun nan zinare ya yi tashin gwauron zabi, amma ba wanda ya ba ka takardar cewa haka zai ci gaba.

Ni abin ya faru da ni shi yasa nake magana da zafi. Wani ɗan'uwa ya ranta min kuɗi lokacin da na shiga matsi, ina da sarƙa a ajiye amma na ƙi taɓa ta ina jiran ta ƙara daraja, wata biyu, wata shida, har ya kai in na ga kiransa gabana faɗuwa yake, shi kuma kunya ta hana shi tambaya sai dai ya ce yaya gida, ashe kuɗin makarantar 'ya'yansa ne ya ba ni. Ranar da na ji haka na ɗauki sarƙar na kai. Mai sayen ya goga ta a dutse ya ɗiga mata ruwan gwaji, ya cire 'yan duwatsun jikinta kafin ya ɗora a sikeli, ya ce karat 18 ce, wato kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinare, kuɗin ƙira da na biya lokacin saye kuwa ko sisi ba a lissafa ba. Wannan giɓin tsakanin farashin saye da na sayarwa masu shawarar nan basa faɗa maka shi.

Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abin kunya bane, abin da ke min ciwo shi ne kana da abin biya a hannu ka bar mai haƙƙi yana jira, alhali hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. In ka biya ka huta, abin da ya rage ka sayi zinarenka, gara ma ɗanye ko sulalla ba kayan ado ba.

Kuɗin sarƙar basu cika ba, sai da na ƙara da albashin watan, amma a daren na kai masa har gida na damƙa a hannunsa, ya ƙirga ya ce Allah ya bar zumunci.