Yadda Dajin Jamus Ya Ci Mini Tsiren Dubu Biyar

Shekara 16 ina tuƙa mota a cikin Kano ban taɓa goge ko ɗan adaidaita ba, kuma duk wanda ya san Kano ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Shi ya sa ranar da ɗan yayata, autan gidansu, ya zo mana hutu da wata baƙar na'ura a jakar goyo, ya ce wai zai koya mini tseren mota, dariya ta kusa shaƙe ni. Yaron da a gabana aka yi masa askin suna.

"Kawu, wannan fa ba irin tuƙin zuwa kasuwa ba ne," in ji shi.

Na ce, "Kai dai jona mu gani."

PlayStation 4 ce, gem ɗin kuma Gran Turismo 7, wanda ya fito a 2022. Ya miƙo mini fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa motar, ya nuna mini totur da birki, ya ce in zaɓi mota. Motoci ga su nan kamar a bakin tashar jirgin ruwa, wasu ko sunansu ba na iya faɗa. Na tsallake su duka na ɗauki Golf, domin tsohuwar Golf ce a ƙofar gidana, kuma sabo ake yi wa kuka. Auta ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kai shi walima ya ce a ba shi gaya.

Hanyar farko da ya sa mana sunanta Trial Mountain. Babu wannan dutse a duniya, masu gem ɗin ne suka ƙage shi, kuma yana cikin wasan tun fitowarsa ta farko a 1997. To amma wallahi in ka gan shi sai ka rantse akwai inda ake hawa mota a je. Hanya ta ratsa tsakanin duwatsu, ka shige wani rami mai duhu ƙarar inji ta cika maka kunne, ka fito haske ya mare ka, ga itatuwa sun yi wa kwalta rumfa, ga tafki can gefe yana ƙyalli. Ina cikin tafiya lafiya lau, na wuce motoci biyu har na fara gyara zama, sai yaron nan ya ce, "Kawu, ka san akwai biri a kan wani reshe a hanyar nan?"

Ban san lokacin da na danne birki ba. A tsakiyar titi, ana tsaka da tsere. Motocin da ke bayana suka yi ta dukan bambata ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na kafa wa itatuwa ido ina tambaya wane reshe. Na ƙare na ƙarshe, birin ma ban gan shi ba. Auta ya kwanta a kan kafet yana riƙe ciki.

Nan ya gane lagona, ni ma na gane shi. Ashe ni ɗan kallo ne.

Abin bai zama ciwo ba sai da ya kai ni Jamus. Akwai wata hanya a can, Nordschleife, wato ɓangaren arewa na filin tseren Nürburgring, a cikin tsaunukan Eifel. Wannan kam ta gaske ce, an buɗe ta a 1927, tsawonta kilomita 20.8, kwanoninta 73 a lissafin masu wurin, kuma daga inda ta fi gangarewa zuwa inda ta fi hawa akwai tazarar kusan mita 300. Duk wannan tafiyar a cikin daji ake yin ta. Ku tuna fa watan Afrilu ne, Kano ta ɗauki zafi, fanka tana hura iska kamar daga bakin murhu, darbejiyar ƙofar gidanmu ta yi furu-furu da ƙura. Sai ga kore a talabijin, kore shar, hagu da dama, itatuwa dogaye sun haɗe kai, inuwa na faɗowa a kan gilashin mota tana wucewa. Har wani sanyi na ji a wuyana.

Auta ya ce wani shahararren direba ɗan Sikotilan, Jackie Stewart, shi ya raɗa mata suna Koriyar Jahannama. Na ce a'uzu billahi, mutumin nan bai taɓa tsayawa a danjar Kano da ƙarfe biyun rana a bazara ba. Daga baya na fahimci dalilinsa. A nan ya ci tseren 1968 cikin ruwa da hazo, a nan kuma motar wani direban, Niki Lauda, ta kama da wuta a 1976, ya sha da ƙyar. Amma a ranar ni dai ban ga abin tsoro ba. Zagayena na farko minti 19 na yi, ina tafe kamar mai rakiyar amarya. Ina karanta rubuce-rubucen da 'yan kallo suka yi da fenti a kan kwalta, domin har su an kwaikwayo a cikin gem ɗin. Na ce wa Auta ashe Turawa ma suna ɓata titi. Ya ce, "Kawu, don Allah ka taka, barci nake ji."

Wurin da ya sace mini zuciya shi ne Karussell. Kwana ce ta hagu mai zagaye kamar za ka koma inda ka fito, gefenta na ciki an shimfiɗa shi da falalen kankare a karkace, kamar bakin kwarya. Ba a kewaye ta, faɗa mata ake yi. Ka saki motar ta zurma ciki, sai ta kama rawa, fad ɗin ya dinga kakkarwa a tafin hannunka, gidigidi-gidigidi, ƙasa ta karkace, itatuwa su kwanta gefe guda, sannan ta tofo ka waje. Karon farko da na shiga sai da na yi salati. Karo na biyu na ce ai wannan hanyar garinmu ce bayan damina, bambancin kawai a nan babu mai tura mota. Sau uku ina juya kan mota in koma in sake shiga, gem ɗin yana ta nuna mini alamar na bi hannun da ba nawa ba. Ban kula shi ba. Mu da muka saba.

A daren nan ne baki ya ja mini. Muna cin tuwo na ce in da zan daina kallo, yaron nan ko ƙurata ba zai gani ba. Auta ya ajiye loma. Ya ce mu yi zagaye ɗaya ranar Asabar, mota iri ɗaya, kuma zai ba ni ratar minti 2 cur kafin ya tashi. In na ci, zai wanke Golf ɗita kullum har hutu ya ƙare. In ya ci, tsiren dubu biyar. Uwargida ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Malam, da ka bari." Na ce mata ta sa ido kawai.

Kwana huɗu na yi ina horo a ɓoye. Da yara sun kwanta sai in lallaɓo falo, in rage murya, in shiga daji. Matsalar ita ce gem ɗin yana sauya lokaci da yanayi, kuma hanyar ta yi tsawon da za a iya yin ruwa a wannan gefe, wancan gefen kuwa ƙasa a bushe. To wa zai ga hadari ya haɗo a kan tsaunuka ya tsaya lissafin daƙiƙa? Dare na uku an ɗauke wuta, na ta da janareto da man da aka ajiye don guga. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta fito ta same ni na karkace a kan kujera, kafaɗa ɗaya ta kusa taɓa ƙasa, harshe a waje, ina cikin Karussell. Ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Motar ce ke kwana ko kai?" Ta koma ciki ba ta jira amsa ba. Duk da haka na sauko daga minti 19 zuwa 10 da 'yan kai. Auta yana yin 8 da rabi yana cin gyaɗa. Na yi lissafi da yatsu na ga ratar minti 2 ta ishe ni, in dai na riƙe idona.

Ranar Asabar bayan la'asar falo ya cika. Yarana, yaran maƙwabta, har da wanda ban gayyata ba, wato Baba Direba, maƙwabcinmu, tsohon direban tirela da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kano zuwa Legas. Ya ji hayaniya ya leƙo, aka ba shi kujera kusa da ni. Aka raba talabijin gida biyu, rabi nawa, rabi na Auta. Na yi bisimilla na tashi, yaro ya harɗe hannu yana duba agogo.

Na yi tuƙi, jama'a. Ban kalli ko ganye ɗaya ba. Na wuce Flugplatz, inda mota ke yin sama kamar za ta tashi, cikina ya bi ta amma idona na kan kwalta. Baba Direba kuwa tun daga kwanar farko ya karɓi aikin kwandasta. "Rage, rage, ɗan nan! Direban kirki ba ya gudu a daji, ba ka san abin da zai fito ba." Da muka fara gangara ya ce in sa giya mai nauyi. Da muka zo hawa ya tambaya ko na duba ruwan lagireto. Da ya ga babu mota ko ɗaya mai tahowa ta ɗaya hannun sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce a zamaninsu in hanya ta yi shiru haka, to akwai magana a gaba. Na faɗa Karussell, fad ya kama kakkarwa, Baba ya dafe hularsa ya ce, "Wannan wane ɗan kwangila ne ya yi ta?"

Na fito lafiya. Na bi sauran kwanonin nan masu hawa da sauka ina zufa, yara suna ihu, ƙaramar 'yata tana tsalle a kan kushin tana cewa Abba zai ci. Na saci kallon ɓangaren Auta sau ɗaya, na ga yana tafe kamar an aiko shi, amma da sauran tazara. Sai ga Döttinger Höhe, miƙaƙƙen titin ƙarshe, ya haura kilomita 2 babu kwana. Daji ya buɗe, sama ta bayyana. Na danne totur har yatsana ya yi fari. Na fara tunanin irin sabulun da zan ba yaron nan.

Can sai Baba ya miƙa hannu, yatsansa har yana taɓa gilashin talabijin. "Kai, wancan gidan sarki ne a kan tudu?"

Na san abin da yake nufi. Tsohuwar ganuwar Nürburg ce mai dogon hasumiya, wadda hanyar ta samo sunanta daga gare ta, ta ɗaruruwan shekaru. Na gan ta sau da yawa a horon dare, kullum sai na rage gudu na gaishe ta. Na ce a raina ba zan kalla ba. Baba ya ce, "Ikon Allah, har da soro." Sai na kalla. Ba kallo kaɗai ba, har na buɗe baki ina yi masa bayani, cewa ba sarki a ciki yanzu, kango ne, masu yawon buɗe ido ke hawa. Ina cikin "masu yawon" titin ya ƙare.

Ashe miƙaƙƙen titi ma yana da iyaka. Kwanar da ke bayan gada ta iso ni ina gudun da ya haura 200, na murɗa a makare, taya biyu suka hau ciyawa, Golf ta yi juyi uku kamar mai rawar koroso, ta daki ƙarfen gefen hanya, ta dawo ta daki na ɗaya gefen, ta tsaya tana fuskantar inda na fito. Falo ya yi tsit. Na rikice na rasa ribas, na danna wani maɓalli sai goge-gilashi ya kama aiki. Ina cikin wannan fama wani abu ya wuce fiii. Auta ne. Har da yi mini fitila.

Baba Direba ya gyara zama ya girgiza kai. "Ai tun a daji nake ce maka ka rage gudu."

Bayan isha'i na je na sayo tsiren, mai tsire yana tambayata ko baƙi muka yi. Na ce ƙwarai, daga Jamus. Aka baje takarda a tsakar gida, Auta ya zauna a tsakiya kamar ango, ya ɗebi yanka biyu ya miƙo mini wai ladan ƙoƙari. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai duk lokacin da muka haɗa ido sai ta ɗan karkata kafaɗa ɗaya ƙasa ta fito da harshe. Baba, wanda ya ce haƙoransa ba sa son nama, shi ya ci kusan rabi.

Da ya tashi tafiya yana sakace, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kira Auta. Ya tambaye shi ko gaskiya ne abin da yara ke faɗa, wai akwai wata hanyar mai biri. Auta ya ce gaskiya ne. Baba ya ce to gobe bayan azahar a kunna ta, ni in tuƙa a hankali, shi zai duba itatuwan hagu, ni in duba na dama.