Wanda ya canki gaskiya, ya san ta?

A birnin Atina na ƙasar Girka, shekaru 2,400 da suka wuce, ba alƙali ɗaya ke yanke shari'a ba. Ɗaruruwan 'yan gari ake zaɓowa da ƙuri'a su zauna, mai ƙara da wanda ake ƙara kowa ya yi jawabi, ana auna masa lokaci da ruwan da ke ɗiga daga tulu. Aflatun, masanin falsafa ɗan birnin, ya ɗauki wannan kotu ya yi tambaya da ita. A ce an yi wa wani fashi, masu shari'a ba su gani ba, mai zaƙin baki ya shawo kansu kafin ruwansa ya ƙare, suka yanke hukunci, hukuncin kuma ya faɗa kan mai laifin na gaskiya. Sun san wanda ya yi fashin ke nan, ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

Aflatun yana da dalilin jin haushin wannan kotu. Ita ce, da mutum kusan 500, ta yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ba shi guba ya sha. Amma tambayar ta fi haushinsa girma, kuma a ganina ita ce mafi tsada cikin duk abin da ya bari. Amsar da ya bayar ta rushe tun almajiransa na da rai. Tambayar tana nan.

Mu fara da amsar. A muhawarar da ya rubuta ya sa wa sunan Meno, Sukurat ya kira wani yaro bawa da bai taɓa karatun lissafi ba, ya zana masa murabba'i a ƙasa, kowane gefe taku 2, filinsa 4. Ya ce masa: ina son wani mai fili 8, ninkin wannan, gefensa taku nawa? Yaro ya ce 4, ba ko shakka. Aka lissafa, 16 ya fito. Ya sauko ya ce 3, aka samu 9. Sai ya ce shi kam bai sani ba. Da tambaya bayan tambaya, yaron ya gano da kansa cewa layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen da ake nema.

Daga nan Aflatun ya yi tsalle mai nisa. Ya ce tunda ba a gaya wa yaron amsa ba, to da ma tana cikinsa, tunowa kawai ya yi. A ina ya koye ta? Kafin a haife shi. Ransa ya taɓa zama a wata duniya inda ya ga abubuwa a tsantsarsu: daidaito wanda babu tawaya a cikinsa, kyau tsantsa, adalci tsantsa. Waɗannan su ne siffofin asali, ba sa tsufa, ba sa canzawa, ido ba ya ganinsu sai hankali. Duk abin da muke taɓawa a nan kwaikwayonsu ne. Ɗauki sanduna biyu da kake cewa tsawonsu ɗaya, ka duba da kyau, sai ka ga ɗaya ta ɗara ɗaya da ɗan kaɗan. To a ina ka san cikakken daidaito har kake gane cewa sandunan sun gaza kai masa, alhali ba ka taɓa ganinsa ba?

Ka ga yadda abubuwa uku suka sarƙe: sani na gaskiya sai a kan abin da ba ya canzawa, abin da ba ya canzawa ba a nan yake ba, don haka rai ya riga jiki zuwa kuma zai wuce shi. Ka zare ɗaya, sauran su yi rawa.

An kuwa zare. Tun a labarin ranar ƙarshe ta Sukurat a kurkuku, Aflatun ya sa wani saurayi mai suna Simiyas ya ce: idan rai tamkar amon kayan kiɗa mai tsirkiya ne fa? Amo ba ya ganuwa, yana da daɗi, amma a fasa ƙwaryar a tsinke tsirkiya, ina amon? A wata muhawarar kuma ya sa tsoho Farmenides ya titsiye Sukurat yana matashi: mun ji akwai siffar asali ta adalci da ta kyau, to akwai ta taɓo, da ta gashi, da ta dauɗa? Sukurat ya kasa amsa mai gamsarwa. Abin da ke burge ni shi ne da hannunsa Aflatun ya rubuta wannan, a kan gininsa.

Aristo ne ya ƙarasa. Ya shiga makarantar Aflatun yana da shekara 17, ya yi shekara 20 a ciki, sannan ya ce da malaminsa a'a. Siffar doki tana jikin doki, ba a wata duniya take ba. Likita mutum yake yi wa magani, wannan da ke kwance a gabansa, ba lafiya tsantsa yake kallo ba. Game da rai kuma ya ce shi ne siffar jiki mai rai: da ido dabba ne, da gani ne ransa. A nan ina bayan Aristo. Ninka duniya gida biyu bai bayyana komai ba, ƙarin abin bayyanawa kawai ya kawo. Kuma duk wanda ya karanta labarin yaron nan da idon basira zai ga Sukurat ne ya ja layin da ya warware matsalar. Yaro bai tuno komai ba, an bi da shi hanya ne, ya kuma iya bi.

Sai dai wani abu ya faru da yaron wanda Aristo ma bai musa ba. Sa'ad da ya ce 4, yana da tabbaci, kuma kuskure ne. Da wani ya raɗa masa amsa daidai, da ya faɗe ta da irin wannan tabbacin, gobe wani ya raɗa masa wata ya sauya. Bayan ya ƙirga yankunan filin da kansa ya ga dalilin da ya sa fili ya zama 8, ya kama hanyar da mai zaƙin baki ba zai iya kautar da shi daga kanta ba.

Mai neman abin kai wa baki zai ce wannan duk ɓata lokaci ne, kuma Meno, abokin zancen Sukurat a muhawarar, ya riga shi tambayar da me sani ya fi zaton da ya dace. Wanda ya san hanyar garin Larisa da wanda ya canka daidai, ai duka za su isa. Gaskiya ne, in ji Sukurat, sai dai zato ko da ya dace ba ya zama. Ya kwatanta shi da gumakan wani masassaƙi na tatsuniyarsu, Daidalos, waɗanda aka ce in ba a ɗaure su ba sai su gudu. Abin ɗaurewar shi ne sanin dalili. Ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara ya san wannan sarai ranar da aka juya masa tambaya.

Malamanmu ba baƙin wannan zance ba ne. An fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza tun ƙarni na 9, Farabi da Ibn Sina suka yi gini a kansu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafirta masu falsafa a mas'aloli uku, ciki har da musun tashin jiki ranar kiyama, amma ya riƙe ilimin manɗiƙi na Aristo, wato ilimin awon hujja, gam, har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu kan manɗiƙi, ya kuma kare shi a baitoci lokacin da Suyuɗi ya haramta shi. Sun bar wa Aflatun maganarsa ta rai mai yawo daga jiki zuwa jiki, suka ɗauki awon hujja. Zaɓe suka yi, da sani.

Kada dai a ɗauka cewa ƙara dalili a kan zato ya kashe magana. Aflatun da kansa ya gwada wannan ma'anar a muhawarar da misalin kotu ya fito, ya ƙare bai gamsu ba. A ƙarni na 20 Bertrand Russell na Ingila ya kawo misalin agogon da ya tsaya: ka duba shi ka ga ƙarfe 12, kuma daidai wannan lokacin 12 ɗin ce ta buga. Zatonka gaskiya ne, kana da dalili, don agogo ka duba, amma ba wanda zai ce ka san lokaci. A 1963 wani malamin Amurka, Edmund Gettier, ya rubuta maƙala mai shafi 3 kacal da misalai irin wannan, kuma har yau masana falsafa ba su haɗu a kan amsa ɗaya da za su ba shi ba.