Yaushe rabonka da ka ce mata sannu da aiki?

Jiya bayan la'asar muka je gaisuwar rasuwa, matar wani maƙwabcinmu ce ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mutumin da muka sani ko dariya ba ya yi, sai ga shi ya riƙe hannuna a zaure yana hawaye, yace "Malam, shekara 23 tana min girki, wallahi ban tuna ranar da nace mata abincin ya yi daɗi ba, ni a tunanina tunda ban bar ta da yunwa ba ai ta san ina sonta." Na dawo gida jikina a sanyaye, don ni ma haka nake.

Mu maza da yawa soyayyarmu a buhun shinkafa take, da cefane da kuɗin makaranta da atamfar sallah, in ta yi ƙorafi sai mu ce to me na rage ki da shi? Alhaji ka rage ta da baki! Wata matar duk abin da ka sauke a sito bai kai mata ka zauna minti goma ka ajiye waya ka saurare ta ba, wata kuma ba ta damu da daɗin baki ba, ka riƙe mata yaro ta samu ta yi sallah a natse shi ne take ji har cikin ranta. Kowa da ƙofar da so ke shiga masa, kai kuma ka tsaya kana buga ƙofar da ta fi maka sauƙi.

Kuma kar a fake da kunya dan Allah. Amru bin Asi ya tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi so a cikin mutane, yace A'isha, kai tsaye ba ɓoye-ɓoye. Yana sa bakinsa daidai inda ta sa nata a ƙwaryar sha. Ya kama hannun Mu'azu yace wallahi ina sonka. Bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Mu mun fi shi kunya ne?

Ke ma Hajiya ba zan bar ki ba. Mutum ya wuni a rana cikin kasuwa ko kan babur, ya shigo da ledar tsire ya ajiye miki bai ce uffan ba, wannan ledar ita ce maganarsa, amma ko Allah ya ƙara buɗi ba ki ce ba, sai kwatance da mijin wance da kika gani a TikTok. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kin san hadisin.

Haka iyayenmu. Inna ba ta ko kiran sunan ɗan fari saboda alkunya, amma ita ke ɓoye masa tsokar nama a ƙasan tuwo. Baba ba zai taɓa cewa ya yi kewarka ba, sai dai ka same shi zaune a dakali har ka dawo. Mun girma muna cewa ba sa nuna mana so, alhali mu ne ba mu iya ji ba.

Dan Allah yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka tambaye ta me nake yi da ya fi faranta miki rai, ka yi shiru ka ji amsa. Ka kira Inna. Maƙwabcina yana can zaure yana karɓar gaisuwa, ba shi da wadda zai tambaya.