Magidantan Maori Masu Koyon Aikin Famfo Na Buƙatar Fiye Da Karatu Kyauta

A ƙasar Niyu Zilan ba kowa ne ke ɗaukar sifana ya shiga gidan mutane ya haɗa musu banɗaki ko magudanar ƙazanta ba. Dokar 2006 ta ce sai wanda hukumar kula da masu aikin famfo da gas da magudanai ta ba izini, kuma kafin a kai ga rajista sai an shafe shekara huɗu zuwa biyar ana koyo a hannun maigida, ana leƙa makaranta jifa-jifa, sannan a zauna jarrabawa. Wannan doguwar hanya ce 'yan ƙabilar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, maza da mata, da yawansu sun bar makaranta tun tuni har sun tara iyali, suke dawowa su kama.

Abin ba baƙo ba ne a wurinsu. Tun 1959 ma'aikatar harkokin Maori ta riƙa kwaso samari daga ƙauyuka zuwa birane, tana ba su masauki irin na Rehua a Christchurch, tana koya musu kafinta da sauran sana'o'i, kafin shirin ya mutu wajajen ƙarshen shekarun 1980. Da girgizar ƙasa ta Fabrairun 2011 ta farfasa bututan ruwa da na ƙazanta a birnin, al'ummar Ngai Tahu, wani reshe na Maori, ta haɗa kai da kwalejin fasaha da wani kamfanin gine-gine suka farfaɗo da shi da sunan He Toki ki te Rika. A 2014 gwamnati ta buɗe irinsa a faɗin ƙasa ga Maori da 'yan tsibiran Fasifik, ba a biyan kuɗin makaranta.

Wannan abin a yaba ne, amma a ganina wuyar tana gaba. Kwas ɗin da ake bayarwa kyauta na share fage ne na 'yan watanni, kuma wanda ya gama shi sai ya sami maigidan da zai ɗauke shi. Idan ya samu, doka ta yarda a biya mai koyo kashi 80 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi. Saurayin da ke kwana gidan iyayensa zai iya jurewa. Mai shekara 35 da ya ajiye tuƙin babbar mota, ga kuɗin haya ga yara a makaranta, ga akwatin kayan aiki da zai saya, yana wuni durƙushe a ƙarƙashin gini yana liƙa bututu, lissafinsa daban ne, kuma a nan ne ake rasa mutanen da suka fi kowa niyya.

Tallafin da gwamnati ta fara ba masu ɗaukar 'yan koyo a 2020, har dalar Niyu Zilan 1,000 a wata, daga baya an rage shi zuwa 500. Kamata ya yi a mayar da shi yadda yake, a kuma ware wa masu iyali wani ƙari da zai shiga hannunsu kai tsaye har su kai shekara ta uku, lokacin da albashin ya fara ɗaukar gida.