Shekara 23 da Glenda Jackson ta yi a majalisa ba asara ba ce

Tun rasuwar Glenda Jackson, 'yar wasan kwaikwayon da ta zama 'yar majalisar dokokin Birtaniya, a watan Yunin 2023, tana da shekara 87, ake samun masu cewa siyasa ta yi wa wasan kwaikwayon Ingila fashi, domin ta ɗauke masa gwanarsa har tsawon shekara 23. Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba.

Glenda ba 'yar gata ba ce. An haife ta a Birkenhead a 1936, mahaifinta magini, mahaifiyarta mai aikin shara da goge-goge. Sai da ta yi aiki a kantin magani na Boots kafin ta samu gurbin karatu kyauta a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan. Daga baya ta ci kyautar Oscar har sau biyu, a 1971 da 1974, kuma ko sau ɗaya ba ta je wurin bikin karɓa ba. Macen da ba ta damu da jan kafet ba tun tana ganiyarta, ba neman suna ne zai kai ta majalisa ba.

A 1992 ta tsaya takara a jam'iyyar Labour, ta ƙwace kujerar Hampstead da Highgate daga hannun 'yan Conservative, ta kuma jingine wasa kwata-kwata. Wannan ne ya fi burge ni. Ba ta raba ƙafa ba, yau majalisa gobe gaban kyamara. Ta rungumi aikin da ba a tafa wa mutum a kansa: sauraron koken 'yan mazaɓa kan gidajen haya, makarantu da motocin sufuri.

Masu suka suna da abin faɗa, ba a musu. Iyakar muƙamin da ta riƙe shi ne ƙaramar ministar sufuri a gwamnatin Tony Blair, daga 1997 zuwa 1999. Ta nemi tikitin takarar magajin garin Landan, ba ta samu ba. A zaɓen 2010 da kyar ta sha, da ratar ƙuri'a 42 kacal. Amma wa ya ce da girman kujera ake auna ɗan majalisa? Ta fito fili ta soki shugaban jam'iyyarta kan yaƙin Iraƙi a lokacin da yin shiru ya fi riba.

Sai kuma watan Afrilun 2013, da majalisa ta taru don yabon Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya ta jam'iyyar Conservative, bayan mutuwarta. Glenda ta miƙe ta faɗi abin da idonta ya gani a zamanin Thatcher: ɗakunan karatu na makarantu babu littattafai, 'yan kaɗan da suka rage an lillike su da salatif, ga marasa muhalli sun mayar da ƙofar kantuna wurin kwanansu. 'Yan Conservative suka yi ta ihu don su katse ta, ba ta fasa ba. Mutum na iya ganin lokacin bai dace ba, tunda ko jana'iza ba a yi ba. Sai dai waɗanda suka kwana a ƙofar kantunan nan su ma suna da haƙƙin a tuna da su a wannan zaure, kuma 'yar magini ce ta yi musu hakan.

Ta bar majalisa a 2015. Shekara guda bayan nan, tana da shekara 80, ta hau dandalin gidan wasan kwaikwayo na Old Vic da ke Landan ta fito a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, rawar da maza suka saba takawa: tsohon sarkin da ya raba wa 'ya'yansa mata mulki, suka juya masa baya. Na yi imani shekarun da ta yi tana kallon masu mulki ido da ido, hawansu da faɗuwarsu, sun ba ta abin da ba a koyarwa a RADA. A 2018 ta ci kyautar Tony ta wasan dandali a New York, a 2020 kuma ta ci ta BAFTA ta talabijin a Birtaniya saboda fitowa a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke neman ƙawarta da ta ɓata.