Kwabon da ya kusa kai mu Makka

Tun ranar da na ji labarin kwabon Amurka na 1969 mai harafin S, alamar gidan buga kuɗi na San Faransisko, wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu har ake sayensa dubban daloli, canji bai sake wuce ni ba tare da bincike ba. Ga ni direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, sulalla kuwa cike da gwangwanin madara.

Wani dare na juye gwangwanin a kan darduma, na ari gilashin karatun uwargida. Can sai ga shi: 1969, kowace lamba da 'yar inuwarta a gefe. Har S ɗin ma ya ninku! Na ce wannan gyara ce daga Allah.

"Maman Abba, tashi, bana sai Makka."

Ta buɗe ido ɗaya. "Malam, kwabo ne fa. Ajiye mini gilashina."

Washegari ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba. Na ƙulle kwabon a hankici kamar laya, na nufi shagon wani tsoho mai sayen tsofaffin kuɗi. Ya kara madubinsa a ido, bai kai ƙiftawa uku ba.

"Ka lura S ɗin ma ya ninku?"

"Ƙwarai kuwa!" in ji ni, ina gyara hula.

"To shi ya kashe maka kasuwa."

Ashe a wancan zamanin da hannu ake buga S a jikin hatimin ƙarfen da ke buga kwabon, bayan an gama sauran rubutun, don haka a kwabo na gaskiya shi kaɗai ba ya ninkuwa. Ninkin da ake rububi tun a hatimin yake: an danna masa zane sau biyu a karkace, duk kwabon da ya buga iri ɗaya zai fito, haruffa biyu masu tudu, da tsaga a bakinsu. Ya nuna mini hoton wani kwabo mai ninkin gaskiya na 1955, kalmar LIBERTY da ke jikinsa raɗau sau biyu, ko makaho ya shafa ya ji. Nawa kuwa hatimi ne ya yi lakwa-lakwa a inji, ya goce lokacin bugu, ya daddanne gefen lambobin suka baje kamar dakali.

"Nawa za ka saya?"

"Kwabo ɗaya."

Na fito na tarar da takardar tara a gilashin mota, garin ɗoki na tsaya gaban famfon 'yan kwana-kwana.

A gida Maman Abba ta karɓi kwabon, ta jefa a asusu. "Alhaji, kuɗin kujera ya ragu da kwabo."