Borin jinin da ya ƙi tafiya ba lallai abinci ba ne

Jama'a a nan Zariya da zarar mutum ya fara borin jini sai a ce kifi ne, ko ƙwai, ko gyaɗa, wata ma har ta daina shan nono ta rame a banza. To gaskiya in abin ya wuce sati 6 yana zuwa yana tafiya, yawanci ba abinci ba ne, shi ya sa ko an yi gwajin aleji na fata, wanda ake ɗiga ruwa a hannu a ɗan soka, sau da yawa ba a ganin komai, ko kuma ya nuna abin da ba ruwansa.

Akwai wani gwajin daban, a ɗebi jininka a tace ruwansa a yi maka allurarsa a fatar hannu, bayan minti 30 in wajen ya kumbura ya yi ja fiye da inda aka sa ruwan gishiri don kwatantawa, alama ce garkuwar jikinka ce da kanta ke tsokanar fatar. Wasu ma ana haɗawa da duba aikin thyroid, wato abin da ke kumbura a wuya ya zama maƙoƙo.

Yadda ake gane irin wannan borin jinin, kowane tudu yana ƙaiƙayi ya ɓace kafin awa 24 ba tabo, wani ya fito wani waje, wani lokaci leɓe ko fatar ido su kumbura. Mata sun fi yi. In kuwa tudu ɗaya ya kwana biyu yana zafi ya bar baƙi, wannan wani abu ne daban, a je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a ga likitan fata.

Don Allah a rage shan deksa (ƙwayar dexamethasone) a kemis, cetirizine ko loratadine ake farawa da su, kuma asfirin da ibuprofen suna iya tayar da shi. In harshe ya kumbura ko numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye.